Waya a Saudiyya: kurakuran da mutanenmu suka fi yi da yadda za a gyara

Da an ce leƙen asirin waya a Saudiyya, hankalin mutane sai ya tafi kan Pegasus, manhajar nan ta kamfanin NSO na Isra'ila da masu binciken Citizen Lab suka gano a 2018 a wayar Omar Abdulaziz, abokin ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi. Tana nan kam, amma tsadarta ta wuce a ɓata ta a kan direba a Jidda ko mai sayar da abaya a Sharar Mansur ta Makka. Abin da ke jefa mutanenmu a rigima ya fi haka sauƙi, kuma galibi da hannunmu muke jawo shi.

Wanda ya fi yawa shi ne ara wa wani suna ya yanki layi. A 2016 aka fara neman basma (dangwalen yatsa) kafin a ba da layi, don haka kowace shariha (katin layi) ta kamfanin STC, Mobily ko Zain tana ɗaure da igamar wani (katin izinin zama) ko fasfonsa. Sai ɗan'uwa marar takarda ya zo: "Yaya, don Allah ka dangwala min, layi ɗaya ne kawai." Kara ta hana ka musawa. Kwana ya ja, an yi tarhil ɗinsa (an kora shi gida), layin ya bi hannu ya bi hannu, wani ya yi damfara da shi, kai kuma aka nemo ka, tunda yatsanka ne a kai. Hukumar sadarwa tana da hidimar Arqami da ke nuna duk layukan da ke kan lambar igamarka; ka duba, wanda ba ka sani ba ka sa a rufe. Alhaji ma kada ya bar wa mai masauki layin da ya yanka da fasfonsa ranar komawa gida.

Sai Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne. Wani zai kira da Larabci mai daɗi, wai daga banki ne, za a rufe asusunka sai ka sabunta bayanai, ka buɗe Nafath ka danna lambar da zai faɗa maka. Dannawar nan sa hannu ce. Da ita za a iya buɗe asusu ko a yanki layi da sunanka. Duk buƙatar da ba kai ka fara ta ba, ka ƙi ta, kuma lambar da Absher (manhajar hidimomin gwamnati) ko banki suka turo ba ta kowa ba ce, ko da kafili ne ya tambaya. Saƙon damfara kuwa ana tura shi zuwa 330330.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne "ai ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi". Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta 2007 ya haɗa mai ƙirƙira da mai aikawa da mai ajiyewa a waya, idan abin ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini ko tarbiyya: ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3. Salma al-Shehab, ɗaliba a jami'ar Leeds ta Ingila, an yanke mata shekara 34 a 2022 kan abin da ta wallafa da wanda ta yaɗa a Twitter, kafin daga baya a rage. Muhammad al-Ghamdi, malamin makaranta mai ritaya, hukuncin kisa aka yanke masa a 2023, aka mayar da shi ɗaurin shekara 30 daga baya, alhali mabiyansa 'yan ƙalilan ne. Waɗannan 'yan ƙasa ne fa, ina ga baƙo? "Da Hausa na yi, wa zai ji?" ba kariya ba ce, na'ura na fassarawa nan take. Sunan bogi ma haka: a 2022 wata kotu a Amurka ta sami Ahmad Abouammo, tsohon ma'aikacin Twitter, da laifin yi wa Saudiyya aiki a ɓoye yana miƙa bayanan masu asusu.

Kyamara ma tana da nata sashen. Ɗaukar mutum hoto ko bidiyo ta hanyar da ta keta sirrinsa na iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000. Ka ga haɗari a titi ko askarawa na kame, bar wayar a aljihu.

Da yawa sun dogara da cewa WhatsApp a kulle yake. A hanya ne saƙon yake a kulle. Da ya sauka a gurup mai mutum ɗari biyu, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hotonsa ya kai ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kollona Amn. Gurup ɗin 'yan garinku da ake zazzafar siyasa a ciki, fita ya fi. Ka kunna lambar sirri mai lamba 6 ta mataki na biyu, ka kulle ajiyar hirarka da ke Google ko iCloud, don sai ka kunna da kanka take kulluwa. VPN na kyauta da ake sawa don kiran gida, mai shi na ganin inda kake shiga, kuma bai wanke laifin abin da ka wallafa ba. Idan za ka kai waya gyara, cire shariha da katin ajiya tukuna, kuma canjin gilashi ba ya buƙatar mai gyara ya san lambar buɗe wayarka.