Babi na Shida: Lissafin 'Yan Sakandare a Cikin Buhun Shinkafa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan ajin yamma. A babukan baya mun gama da tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, to yau za mu taɓa wanda yaranku suke fama da shi a ƙaramar sakandare, kuma kada gaban kowa ya faɗi don ya ji an ce sakandare, wallahi yawancinsa kun daɗe kuna yi da ka a bakin kasuwa, rubutawar ce kawai ba ku saba ba. Har yau in na ji dattijo ya ce "jaka biyar" yana nufin naira dubu sai na yi murmushi. Tun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka kuwa fam ɗari ce wato naira 200, kun ga kenan 5 × 200 baba ya buga a kansa ba alli ba allo.

Shinkafa za mu bi yau tun daga gona har kasuwa, tunda mu nan yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ita ce abin yi. Farashin da za ku gani a ciki duk na misali ne, kar wani ya je kasuwa ya ce malam ne ya faɗa.

Girman gona

Mu ce gonarka tsawonta mita 80, faɗinta mita 50. In aka ce mene ne girmanta sai ka ninka tsawo da faɗi, 80 × 50 = 4,000, ana kiransa murabba'in mita 4,000. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya tara 80 + 50 + 80 + 50 ya samu 260. Wannan kewaye ne, shi za ka nema in shinge za ka yi ko waya za ka ja, amma iri da taki cikin gona ake zuba su, don haka ninkawar ce tasu.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato fili mai mita 100 ta kowane ɓangare. Eka kuma ta ɗan haura 4,000 kaɗan, shi ya sa ake cewa eka biyu da rabi ne hekta. To gonar tamu 4,000 ÷ 10,000 = 0.4 na hekta, ba ta kai rabi ba. Da malamin gona zai ce a sa taki buhu 5 a kowace hekta, kai naka 0.4 × 5 = 2, buhu biyu. Ku auna da igiyar da kuka san tsawonta, awo da taku yana yaudara, takun dogo daban na gajere daban.

Lambobin jikin buhun taki

Wanda yake da tsohon buhun kamfa a gida ya duba jikinsa zai ga an rubuta 15-15-15. Mutane da yawa sun ɗauka lambar kamfani ce. Kashi cikin ɗari ne. Ma'ana a kowane kilo 100 na takin akwai kilo 15 na sinadarin farko, naitirojin, wanda yake sa ganye ya yi kore shar, da 15 na na biyu da 15 na na uku. Buhu kilo 50 ne, rabin ɗari, don haka kilo 7 da rabi ne na naitirojin a ciki. A rubuce: 15 ÷ 100 × 50 = 7.5.

Yuriya kuma 46 ne a jikinta. 46 ÷ 100 × 50 = 23. Kun ga buhun yuriya ɗaya kilo 23, buhun kamfa uku gaba ɗaya 22.5, ashe ta fannin naitirojin yuriya ɗaya ta ɗara kamfa uku. Amma fa ba a ce a jefar da kamfa ba, sauran sinadarai biyun nan yuriya ba ta da su ko ɗis.

Zakka da ɗigon nan mai rikita mutane

An yi girbi an sussuke an ƙulle buhuna. Wanda ruwan sama ya shayar masa ɗaya cikin goma yake fitarwa, ushuri kenan, a lissafin boko kashi 10 cikin 100. Wanda ya sha wahalar ban ruwa da kuɗinsa da injinsa ɗaya cikin ashirin ne, kashi 5 cikin 100. Nisabi wusuƙi biyar, sa'i 300. Shi kuma wanda ruwan Tiga yake gangaro masa ta kanal a wane layi yake, wannan ku tambayi liman, ni lissafin ne aikina.

In buhu 30 ka samu da damina abin ba wuya, 30 ÷ 10 = 3. To in 27 ne fa? Ka danna a kalkuletar waya sai ta ba ka 2.7, kuma a nan ne na ga mutane da dama sun ce buhu biyu da tiya bakwai. A'a. Lambar da ta zo bayan ɗigo kashi ce cikin goma na buhu guda. Mu ɗauka buhunmu tiya 40 yake ci, ka raba shi goma kowane kashi tiya 4 ne, kashi bakwai kuwa 7 × 4 = 28. Zakkarka buhu biyu da tiya 28. Wanda ya ba da tiya bakwai ya riƙe tiya 21 na mabuƙata bai sani ba, shi ya sa nake cewa ɗigon nan ƙarami ne a ido amma a kula da shi.

Haka 0.5 rabi ne, 0.25 rubu'i ne, 0.125 sumuni. Zakkar kuɗi da kuke ji ana cewa 2.5 cikin ɗari ita ce ɗaya cikin arba'in, naira 25 a kowace dubu.

Riba: daga cikin nawa?

Nan zan daɗe, don nan ne ake cutar mutane kuma nan ne mutum yake cutar kansa yana murna.

Wata baiwar Allah a ajin mata ta sayi buhun shanshera da kaka naira 36,000 ta ajiye, bayan wata huɗu ta sa aka sayar mata 46,000, ta zo tana cewa malam na ci dubu goma. Na ce madalla inna, amma wa ya kai shi kasuwa? Ta ce mota. Wa ya ɗora wa ya sauke? 'Yan dako. Dillali fa, ya yafe la'adarsa? Da muka zauna muka tara kuɗin mota da dako da la'ada da sabon buhun da ta sake saboda ɓera ya huda na farko, sai ga 4,000. To uwar kuɗinta 40,000 ce, ba 36,000 ba, ribar kuma 46,000 − 40,000 = 6,000. Ba ta ji daɗi ba ranar, amma gara ta sani.

Yanzu in muna so mu san kashi nawa cikin ɗari ta ci, sai mu raba riba da uwar kuɗi mu ninka da ɗari: 6,000 ÷ 40,000 × 100 = 15. Wato kowace naira ɗari da ta zuba ta haifar mata naira 15. Amfanin wannan shi ne kwatantawa. Maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta zuba 10,000 ta ci 2,000, a ido dubu shida ta fi dubu biyu, amma 2,000 ÷ 10,000 × 100 = 20, ashe kuɗin mai ƙuli ne suka fi yin aiki, balle ita a sati take juya nata, waccan kuwa wata huɗu kuɗinta na kwance a ɗaka.

Ga wata kuma da ta taɓa tayar da gardama a ajin maza har aka kira magariba ba mu gama ba. Buhu yana 40,000 sai aka ce ya tashi da kashi 25 cikin ɗari. Rubu'in 40,000 dubu goma ne, ya koma 50,000, kowa ya yarda. Sai sabuwa ta shigo kasuwa aka ce ya sauka da kashi 25 cikin ɗari. Na ce nawa ya koma? Kusan duk aji suka ce 40,000 mana malam, abin da ya hau ne ya sauka. Wani dattijo dillalin hatsi da yake zuwa Dawanau, wanda sunansa ma da ƙyar yake rubutawa a lokacin, shi kaɗai ya girgiza kai ya ce "Malam ai rubu'in hamsin ya fi rubu'in arba'in." Shi ke nan ya gama darasin. Rubu'in 50,000 shi ne 12,500, ka cire ya rage 37,500. Hawan daga 40,000 aka lissafa shi, saukar kuma daga 50,000, shi ya sa ba su zo ɗaya ba.

Saboda haka duk wanda ya ce muku kashi kaza cikin ɗari, ko mai POS ne ko mai ba da taki bashi zuwa kaka ko wani ɗan kamfani da ya zo da takarda, ku tsayar da shi ku ce daga cikin nawa, kuma a wata ne ko a shekara. Wanda ya ba ka buhun taki na 40,000 ya ce da kaka ka kawo buhun shinkafa ɗaya da rabi, in buhu yana 36,000 a lokacin to 54,000 ka biya, ƙarin 14,000 kenan, 14,000 ÷ 40,000 × 100 = 35. Kashi 35 cikin ɗari a wata huɗu ko biyar. Bakinsa bai ambaci ruwa ba, alƙalami ne ya tono shi.

Rabo

Wa da ƙani sun haɗa kuɗi sun sayi raguna don babbar sallah, wan ya sa 90,000 ƙanin ya sa 60,000, bayan an cire dusa da harawa da magani riba ta tsaya 50,000. In aka raba biyu an zalunci wan. Ka duba kuɗin, 90 da 60 kowanne 30 tana shiga cikinsa, sau 3 da sau 2, a boko ana rubuta 3:2. Ka tara 3 + 2 = 5, ka kasa ribar kashi biyar kowane kashi 10,000, wa ya ɗauki uku 30,000, ƙani biyu 20,000. In ƙanin ne yake ta wahalar kiwon to sai su yi maganar ladansa tun kafin a kasa.

Irin wannan lissafin ne a rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi da wasiyya ya rage 800,000. Matar sumuni take da shi tunda akwai 'ya'ya, 100,000. Saura 700,000. Namiji rabo biyu mace ɗaya, 2 + 2 + 1 = 5, kowane kashi 140,000, maza 280,000 kowannensu, mace 140,000. Don ku gane lissafin na kawo, rabon gado na gaske aikin malamai da alƙali ne.

Harafin x

Yaranku suna zuwa gida da x a littafi kuna cewa yaushe kuma baƙi ya shiga lissafi. Sunansa aljabra, kuma kalmar ma Larabci ce, daga aikin wani malami Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi da ya zauna a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na abin da ya rubuta ma a kan gado da wasiyya ne. Shi x ba komai ba ne illa abin da ba ka sani ba tukuna, kamar ka ce "kaza".

Ka aiki yaro kasuwa da 13,500, ya sayo wake kowace tiya a kan 2,500, ya ba mai babur 1,000, ya dawo ba canji. Tiya nawa ya kamata ka gani? Mu kira yawan tiyoyin x.

2,500 × x + 1,000 = 13,500

Ku ɗauki alamar = kamar sikelin mai nama, abin da ka cire a wannan hannu sai ka cire a wancan. Cire 1,000 a duka biyun, ya rage 2,500 × x = 12,500. Raba duka biyun da 2,500, x = 5. In ka auna ka ga tiya huɗu to ka san tambayar da za ka yi wa yaro.

Aikin gida

Kowa ya yi waɗannan a littafinsa, a rubuta hanyar da aka bi, bana son amsa tsirara. Na farko, fadama mai tsawon mita 125 da faɗin mita 40, murabba'in mita nawa ce kuma kashi nawa ce na hekta? Na biyu, manomi ya samu gero buhu 18 da damina, buhu tiya 40, buhu nawa da tiya nawa zai fitar? Na uku, kwandon tumatir a Kwanar Gafan yana 20,000 ya faɗi da kashi 50 cikin ɗari, bayan sati biyu ya tashi da kashi 50 cikin ɗari, nawa ya koma? Ku yi a hankali da wannan, ku tuna da dattijon Dawanau. Na huɗu na mata ne amma maza ma su gwada: mata uku sun haɗa jarin surfe da turara shinkafa, 20,000 da 30,000 da 50,000, riba ta zo 24,000, nawa kowacce za ta ɗauka?

Wanda yake da ɗa ko jika a sakandare ya ba shi na ukun ya gwada shi, amma kada ya bari yaron ya rubuta masa, ina gane hannun kowa. Ranar Asabar bayan la'asar kowa ya zo da tsohon buhun taki ko kwalbar maganin feshi da babu komai a ciki, a wanke ta sosai tukuna, za mu karanta awon da ke jikinsu.