Yadda Ake Gano Tushen Ƙara a Injin Tsohuwar Mota da Aka Sake Haɗawa

Ka shafe watanni a kan injin tsohuwar motarka. An sa sababbin fistin da ringi da metal (bearin da kirankishaf ke juyawa a cikinsa), an ɗaure komai, ka murza makulli ya tashi. Kana cikin murna sai kunnenka ya tsinci wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas daga sama, ko ƙwan-ƙwan daga can ƙasa. Wani zai ce sabon aiki ne, zai zauna da kansa, ya ci gaba da tuƙi har injin ya kama. Wani kuma zai ɗauko sifana ya warware aikin wata uku a yini ɗaya, alhali noti ɗaya ne ya saki a salansa. Sabon haɗi bai yi aikin da zai cinye ƙarfe ba tukuna, saboda haka ƙararsa galibi daga wajen haɗawa take: wani abu bai ɗauru ba, awo bai yi daidai ba, ko wani sashe yana gogar wani. Irin wannan kuskuren ana iya bin sawunsa.

Fara da baƙin mai. Kada ka dogara da 'yar fitilar dasbod, domin ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa sosai. Cire suwic ɗin mai ka ɗaura geji a gurbinsa. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce kusan psi 10 (psi shi ne ma'aunin matsi da geji ke nunawa) ga kowane juyi 1,000 a minti, bayan injin ya yi zafi. Idan allura ta kwanta kuma ƙarar mai nauyi ce, kashe injin nan take, sauran binciken sai a yi shi da injin a kashe. Idan matsin yana da kyau, ka samu damar tsayawa ka saurara.

Abu na biyu shi ne saurin bugun. Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da kirankishaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu. Injin da ke sulo a juyi 800, tafet ɗinsa guda (ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul) zai buga sau 400 a minti, kusan sau 7 ke nan a daƙiƙa. Kunne ba ya iya ƙirga wannan, amma fitilar tayimin, wadda ke walƙiya duk sanda fulogi ya ba da wuta, tana iyawa. Maƙala ta a wayar fulogi ɗaya, ka haska tafin hannunka kana sauraro. Bugu ɗaya ga walƙiya ɗaya yana nuna ɓangaren bawul. Bugu biyu ga kowace walƙiya yana nuna ƙasa, wajen kirankishaf. Wannan jagora ne kawai, ba hukuncin ƙarshe ba.

Sai neman wurin. Ɗauki dogon sukudireba, ka kafa bakinsa a jikin injin, ka manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnenka. Bi murfin bawul daga gaba zuwa baya, ka sauko gefen bulok, ka gangara kaskon baƙin mai. Inda bugun ya fi kaifi, nan ne kusa da gidansa. Naɗe hannun riga, ka yi nesa da fanka da bel.

Kafin ka zargi cikin injin, sallami na waje. Cire fanbel ka tayar da injin na minti ɗaya kacal. Idan ƙarar ta ɓace, famfon ruwa ne ko altaneta ko fanka. Duba inda bututun hayaƙi ya haɗu da hed, domin gaskit da ke yoyo a nan yana yin tik-tik da ba ka bambanta shi da tafet, ya fi tashi da sanyi, kuma yana barin baƙin hayaƙi a gefen ramin. Taka kuloc ka saki. Idan sautin ya canza, ka yi tunanin notin fulawil (babban faifan ƙarfe da ke bayan kirankishaf) da bai ɗauru ba, ko kirankishaf da ke wasa gaba da baya. Fulawil mai sako-sako yana kwaikwayon bugun konrod (sandar da ke haɗa fistin da kirankishaf) sosai, ya sha sa a sauke injin lafiyayye. Haka nan ka ɗaga murfin bawul ka juya cikinsa: ɗan wuri mai sheƙi inda fenti ya goge yana nufin roka, ƙarfen da ke danna bawul, na taɓa shi.

Idan ƙarar ta sama ce, auna tazarar bawul da filageji (siraran ƙarafan auna tazara) bisa abin da littafin injin ya faɗa, da sanyi ko da zafi yadda ya ce. A injin Volkswagen Beetle mai sanyaya da iska, alal misali, milimita 0.15 ne da sanyi. Tafet mai aiki da baƙin mai yakan yi surutu na ɗan lokaci kafin ya cika, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin da nake so ka sa wa ido shi ne bawul ɗin da ka saita yau, gobe ka tarar tazararsa ta sake buɗewa. Kada ka ƙara ɗaure shi ka wuce. Tsofaffin injuna masu tafet mai shimfiɗaɗɗen gindi suna buƙatar a horar da sabon kamshaf a tashin farko, minti 20 zuwa 30 a juyi 2,000 zuwa 2,500, da baƙin mai mai isasshen sinadarin zinc, wanda aka rage a yawancin man motocin zamani. Idan aka bar sabon kamshaf yana sulo a wannan lokacin, tozonsa na iya cinyewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Tazarar da ke ƙaruwa kullum ita ce alamarsa ta farko, kuma garin ƙarfen da yake zubarwa yana bin mai zuwa metal.

Idan ta ƙasa ce, kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. Da filaya mai roba a hannu, zare wayar fulogi ka jingina ta da jikin injin don wutar ta samu hanya. Bugun metal ɗin konrod yana raguwa ko ya ɗauke idan silindarsa ta daina cin wuta, kuma ya fi fitowa idan mai ya yi zafi ka ɗan taɓa totur ka saki. Fil ɗin fistin yakan yi bugu biyu-biyu, wani lokaci ma ya ƙaru da ka zare wayar. Babban metal na kirankishaf muryarsa ƙasa-ƙasa take, dum-dum, ta fi fita idan injin na jan nauyi. Fistin da ke kaɗawa a silinda kuwa yana ƙara da sanyi, ya lafa da injin ya ɗumama. Wannan na ƙarshen, idan kaɗan ne kuma yana tafiya da zafi, ana iya zama da shi.

Akwai wata ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani, wadda ba ta zuwa sai ka taka totur a hawa. Ba ƙarfe ne ke bugun ƙarfe ba, fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Hed da aka kankare yana ƙara matsin silinda, sai tsohon saitin tayimin ya yi wa injin yawa. Ja tayimin baya kaɗan ka sake gwadawa, kuma kada ka bar ta, tana fasa fistin.

Idan har yanzu zargi na kan ciki, juye baƙin mai a faranti mai tsabta ka kai shi rana. Yanka filta da abin yanka bututu, ba da zarto ba, don kada garin zarton ya ruɗe ka, sannan ka baje takardar cikinta. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar ƙura abu ne da aka saba gani a man farko. Ɓarɓashin da yatsa ke ji daban ne. Wanda ya bi mayen ƙarfe daga kamshaf ko tafet ko ringi yake, mai launin tagulla daga metal, fari mara bin maye kuwa daga fistin ko fuskar metal. Da ka ga tagulla, kada ka sake murza makulli. Sauke kaskon mai, kwance murfin konrod na silindar da ta yi shiru lokacin da ka zare waya, ka duba ko an juya murfin, ko girman metal bai dace da kirankishaf da aka kankare ba, sannan ka auna tazarar da Plastigauge (zaren roba na auna tazarar metal) kafin ka sayi komai.