Yadda Ɗalibin Injiniya Zai Samu Manhajar Lissafi Kyauta

Kafin ɗalibi ya shiga intanet neman manhaja, ya fara tambayar sashensu ko ofishin kula da kwamfutoci na jami'arsa, domin jami'o'i da dama sun riga sun biya wa ɗalibansu lasisin manhajojin lissafi na kuɗi irin su MATLAB ko Mathematica, kuma yawanci rajista da adireshin imel na makaranta kaɗai ake buƙata. Idan babu wannan dama, sai a koma ga manhajojin da aka gina don kowa ya yi amfani da su kyauta. A nan sai mutum ya tantance irin lissafin da kwasa-kwasansa suka fi buƙata, domin iri biyu ne: wanda amsarsa lambobi ce, da wanda ake sarrafa haruffa da alamomi kamar yadda ake yi da biro a takarda.

Ga lissafin lambobi, a ganina GNU Octave ya kamata a fara gwadawa. John W. Eaton ne ya jagoranci gina shi, sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a 1994, kuma an tsara harshensa ya yi kama da na MATLAB matuƙa, ta yadda yawancin aikin gidan da malami ya rubuta don MATLAB zai yi aiki a cikinsa ba tare da gyara mai yawa ba. Idan ɗalibi yana da lissafin da'irar lantarki mai abubuwa uku da ba a sani ba, ya shigar da lambobin da ke jikin abubuwan da ba a sani ba cikin A, na ɗaya ɓangaren alamar daidai kuma cikin b, ya rubuta x = A\b, nan take amsoshin su fito. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ƙarin kunshin ayyuka: wanda ke karatun sarrafa injina dole ya girka kunshin control, sannan ya rubuta pkg load control duk lokacin da ya buɗe manhajar, in ba haka ba za ta ce ba ta san umarnin ba. Abin da Octave ba shi da shi shi ne makwafin Simulink, wato manhajar zana tsarin inji da ke aiki tare da MATLAB. Mai buƙatar zana tsarin inji da akwatuna da kibiyoyi sai ya nemi Scilab, wanda aka fara ginawa a cibiyar bincike ta INRIA da ke Faransa, domin yana zuwa da Xcos mai yin irin wannan aikin, ko da yake harshensa ya ɗan bambanta da na MATLAB.

Ga lissafin alamomi kuwa, irin aljabara da kalkulas, akwai Maxima, wanda ya samo asali daga Macsyma na jami'ar MIT a Amurka. A sauke shi tare da wxMaxima, don amsoshi su fito a tsare kamar a littafi.

Wanda yake da haƙurin koyon harshen Python zai samu duka biyun a wuri guda, da NumPy da SciPy don lambobi, SymPy don alamomi, Matplotlib kuma don zanen jadawali, kuma ilimin zai yi masa amfani bayan kammala karatu.

Kowacce aka zaɓa, a sauke ta daga shafinta na asali, a kuma guji kwafin MATLAB na sata da ke yawo, domin ban da saɓa doka, sau da yawa yakan zo da ƙwayar cuta ta kwamfuta. Bayan girkawa, a gwada ta da lissafin da aka riga aka san amsarsa kafin a ɗora mata aikin da za a miƙa wa malami.