Yadda na gyara yoyon man birki a tsohuwar motata

Motar ta shekarar 1972 ce, bututun birkinta na ƙarfe kuwa tsatsa ta cinye shi ta ƙasa, har farce yana iya ɓantare shi. Da farko na so in sa na jan ƙarfe zalla saboda laushinsa, amma na fasa. Girgizar mota tana sa shi ya yi tauri, a kwana a tashi sai ya tsage, birki kuwa rai ne. Bututun ƙarfen silba mai tauri da ba ya tsatsa (stainless) kuwa ya fi ƙarfin na'urar buɗa bakin bututu da nake da ita.

Sai na ɗauki gaurayen jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, mai kaurin 3/16 na inci, wato milimita 4.75. Da hannu ake lanƙwasa shi, kuma ba ya tsatsa.

Na ɗaura, na cire iska, na taka birki, sai ga mai yana tsattsafowa a bakin masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka. Kwana biyu ina zargin bututun, ashe notin da ke ɗaure bututun a jikin masta ne. Haƙoran notina na awon inci ne, 3/8-24, na ramin masta kuwa na awon milimita, M10x1. Sun yi kama sosai, notin yana shiga amma da sako-sako. Ƙari a kan haka, na yi wa bututun baki mai ninki biyu irin na motocin Amurka, alhali wurin mai kumburi yake so, irin na Turai.

Na yanke bakin, na goge cikinsa, na zura notin da ya dace kafin in sake buɗa shi. Na danne birki da ƙarfi na minti ɗaya, ko ɗigo babu.