Yadda ake horar da mutanen unguwa su taimaki mai tunanin kashe kansa

Wannan horo an yi shi ne domin waɗanda ake fara kai wa kuka kafin a je asibiti: malamin makaranta, limami, ungozoma, mai kemis, shugabar ƙungiyar mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Wuni ɗaya ya isa a koyar da matakin farko, amma kada a wuce mutum 20 a aji, domin in an yi yawa ba kowa zai samu yin gwaji ba. Tun farko a sanar cewa duk wanda maganar ta taɓa masa zuciya yana iya fita, a kuma tanadi mai bin bayansa. Ba a bayyana hanyoyin kashe kai dalla-dalla.

A fara da alamomi, kada a daɗe a kansu: kalamai irin "na gaji da duniya" ko "na zame muku kaya", rabar da abin hannu, neman gafarar mutane ba dalili, ƙaurace wa jama'a, da samun natsuwa kwatsam bayan doguwar damuwa. A ƙara sa ido in akwai bashi, mutuwar aure, auren dole, abin kunya ko shaye-shaye. Wanda ya taɓa yunƙuri a baya ya fi kowa shiga haɗari.

Rabin lokacin horon a ba wa tambayar ko mutum na tunanin kashe kansa, don nan ne mutane ke cijewa. Da yawa na tsoron cewa ambaton abin zai cusa wa mutum shi. Bincike bai nuna haka ba. Sau da yawa sauƙi yake samu. A zaunar da su biyu-biyu, ɗaya mai damuwa ɗaya mai tambaya, minti 10, sannan su yi musaya. Dole kowa ya furta da bakinsa: "Yaya, na ga kwana biyu ka canza, ka kuma ce ka gaji da duniya. Kana tunanin kashe kanka ne?" Mai horarwa ya zagaya yana saurare. Zai ji masu cewa "ba dai wani mugun abu kake shirin yi ba ko?" Wannan tambaya a gyara ta nan take, domin ta riga ta nuna wa mutum cewa "a'a" ake son ji.

In mai damuwar ya ce e, sai saurare. Kuskuren da ya fi yawa shi ne saurin wa'azi: "haramun ne", "ka dubi 'ya'yanka". Ya san wannan, abin da zai ƙaru da shi kunya ce, sai ya kama bakinsa. Addu'a da nasiha suna da wurinsu bayan ya fitar da abin da ke cinsa. Kada kuma a yi alkawarin rufe sirri. A ce: "Ba zan yaɗa ba, amma wa za mu sanar tare?"

Sai a tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko abin yana kusa da shi. In haka ne, ba a barinsa shi kaɗai. A sa wani na gida ya kwashe maganin feshi, na ɓera da tarin ƙwayoyi ya kulle. Tsananin yakan lafa, nisanta shi da waɗannan abubuwa na ceton rai. In ya riga ya sha wani abu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

Kowa ya bar ajin da takarda mai ɗauke da lambar gaggawa, 112 a Najeriya, da asibiti mafi kusa, da kuma asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri. Raka mutum ya fi a ce masa "ka je". Washegari a leƙa shi, a ci gaba da leƙawa a makonnin da ke biye. Bayan wata shida a sake tara ajin a maimaita gwajin tambaya, domin ita ke fara kuɓuce wa baki.