Makin JAMB bai kai ba kuma likitanci kake so: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar JAMB ta saki sakamako, wayata ba ta ƙara hutawa. Kimistiri nake koyarwa a wata makarantar lesin a Kano, kuma tambayar ba ta canzawa: "Malam, 228 na samu, ni kuma Medisin nake so, yaya zan yi?" Sai in zauna in yi bayani har bakina ya bushe, yaron ya ce to, ya fita ya aikata ainihin abin da na hana shi.

Da farko ka daina ganin kanka kamar kai kaɗai abin ya shafa. A sakamakon farko da aka saki na jarrabawar 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Makin 150 da aka sanar a shekarar a matsayin mafi ƙarancin na shiga jami'a bai shafe ka ba ko kaɗan, na bakin ƙofa ne kawai. Likitanci yana da nasa ma'aunin, domin MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a ƙasar nan, ita ce take ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In kujerun sun cika, sun cika.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne nacewa kan suna. Yaro ya taso yana jin ABU Zariya, Bayero, Ɗanfodiyo, ya ƙudura a ransa ko can ko babu. Manyan makarantu ne, ba musu, shi ya sa masu 280 da 300 daga ko'ina suke yin dafifi a kansu. Kai mai 230 ka shiga wannan layin ka tsaya, wai kana jiran rabo. Rabo gaskiya ne, amma ai an ce a ɗaure raƙumi tukuna. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na masu maki mafi yawa ko daga ina suke, kashi 35 na 'yan jihohin yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, irin su Jigawa, Yobe, Kebbi da Zamfara. Kason farko ya riga ya kuɓuce maka. Sauran biyun ne naka, to wace jami'a ce jiharku take cikin yankinta? Yawancin yaran da nake yi wa wannan tambayar sai su yi zuru.

Ga jami'o'in jiha, waɗanda suke fifita 'yan asalin jiharsu: ɗan Kaduna yana da KASU, jami'ar jihar Kaduna, ɗan Gombe yana da jami'ar jiharsu, haka ɗan Yobe. Ga ta tarayya da ke Dutse, ga ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021. JAMB tana ba da damar canza makaranta da kwas bayan fitowar sakamako, a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da ta amince da ita. Abin da nake sa ɗalibaina su yi: a samo takarda a ja layi huɗu, sunan makaranta, matsayin jiharka a wajenta, makin da 'yan jiharku suka shiga da shi bara, da yadda take haɗa makin JAMB da na jarrabawar tantancewarta. Layi na uku ba a Facebook ake samunsa ba. Ka nemo ɗan aji biyu na wannan makarantar ka tambaye shi da baki. Kuma ka mai da wadda ka zaɓa ta zama zaɓin farko, don a likitanci zaɓi na biyu ado ne kawai.

Kuskure na biyu kuwa ni kaina ya ci, shi ya sa in na ji wani zai faɗa ciki raina yake ɓaci. A shekarar da na zauna, 236 na samu. Wata jami'a, ba sai na kama suna ba, ta ba ni wani kwas na kimiyya maimakon likitanci. Wani mutum da ake ce mana yana da hanya a ciki ya zo har zauren gidanmu, ya cire takalmi, ya sha ruwa, ya ce wa mahaifina: "Alhaji, ya karɓa kawai. Da ya gama aji ɗaya ni zan mayar da shi Medisin, aikina ne." Baba ya sayar da raguna biyu da yake kiwo don Babbar Sallah, ya sa kuɗin a ambulan mai ruwan ƙasa ya miƙa masa a gabana. Na yi karatu kamar zan mutu, na fito da sakamako mai kyau. Da na je neman canjin, ma'aikacin da na tarar ko ɗago kai bai yi ba, ya ce su kansu 'yan ajin farko na likitancin ba duka za su haye aji biyu ba, kujeru sun yi kaɗan, balle wani daga waje. Mutumin namu kuma lambarsa ta daina shiga. Baba bai taɓa tayar min da zancen ragunan nan ba har ya rasu, kuma wannan shirun ya fi min faɗa ciwo.

Saboda haka ku ji ni da kyau, ku da iyayenku. Duk gurbin da bai fito a CAPS ba, wato shafin JAMB na ba da gurabe, ba gurbi ba ne, ko wa ya yi maka alkawarinsa. Tun 2017 ta nan JAMB take bi da ɗaukar ɗalibai. In jami'a ta miƙo maka wani kwas a CAPS, kada ka danna amincewa sai in za ka iya zama da shi har ƙarshe ko da canji bai samu ba. Akwai waɗanda suka dace aka canza musu, na sani, amma ba a gina shekara shida a kan "wai wane ma haka ya yi". Kuma don Allah ku daina barin yaron shagon kafe yana danna muku abin da bai karanta ba. Lambar sirrinka ta shafin JAMB ta zauna a hannunka.

Sai masu cewa in Nijeriya ta ƙi, a tafi waje. Ban hana mai hali ba, amma a tuna ɗalibanmu da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da Sudan a watan Afrilun 2023, wasu suna dab da gamawa. Kuma ko ka gama lafiya, sai ka ci jarrabawar MDCN kafin ka taɓa majinyaci a gida. Kafin a ba ejan ko sisi, a tabbatar hukumar ta san da makarantar. Haka ma jami'o'in kuɗi na cikin gida: amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, daban, ta MDCN daban, a tambayi duka biyun, sannan a lissafa kuɗin shekara shida, ba na shekarar farko kaɗai ba.

Ƙananan kurakuran kuma ga su a gurguje. Kiredit biyar na Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji: makarantu da yawa a zama ɗaya suke so, haɗa WAEC da NECO ba ya wucewa a wajensu. Rashin ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB ya sa an tsallake masu maki mai kyau. Takardar shaidar ƙaramar hukuma a nemo ta tun yanzu. Jarrabawar tantancewa ta jami'a kuma ba wasa ba ce, mai 235 yana iya wuce mai 260 a nan.

In makin ya yi ƙasa da 200, ni ba na ɓoye wa yaro: bana ba shekararka ba ce a likitanci. Ko ka sake zama baɗi da shiri na gaske, ko ka yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ka nemi shiga aji biyu kai tsaye, amma ka fara tambayar ko makarantar da kake so tana karɓar sa a likitanci, da maki nawa. In kuma asibitin ne a ranka ba lallai sunan "Dakta" ba, ka duba aikin jinya, haɗa magunguna, gwaje-gwajen jini ko ɗaukar hoto. Su ma ba banza ake samunsu ba, sai ka ja musu nasu layukan huɗu a bayan takardar.