Shawara ga malamai masu kai ɗiyan makaranta gasar waƙa

Salamu alaikum malamai 'yan uwa. Don Allah duk mai shirya yara zuwa gasar waƙa ta makarantu a lokacin ɗarin ga, ya kula da 'yan amshi tun da wuri, kar a tsaya kan mai bada waƙa shi kaɗai. Bara nan Sakkwato yarinyarmu muryarta zaƙi kamar me, amma da aka miƙa ma yaran makirfo sai suka firgita da jin muryarsu a lasifika, amshi ya watse, wallahi har yau abin na min ciwo. To yanzu ko sau 2 ne ku ari lasifika su gwada kafin ranar.

Sai maganar kalangu, kar a bar shi ya kwana a ƙasa cikin sanyi, fatar saki take yi, da safe a ɗan shanya shi ga rana amma ba zafin azahar ba. Ku tafi da sandar kiɗa biyu, ɗaya na iya karyewa.

Ruwan shan yara kuma, na ɗumi a fulas, ban da ƙanƙara. Kuma a nemi izinin iyaye tukuna, musamman na 'yan mata.